Kafin ka kai moto wurin naɗi: yadda ake gwada shi, a gyara shi, a hana shi sake ƙonewa

Da yawa daga cikin motocin lantarkin da ake ciccibowa daga wurin markaɗe, ko shagon niƙa, ko ɗakin famfon ruwa a kai wa mai naɗin koyil, koyil ɗinsu lafiyarsa ƙalau. Kafasita (ƴar gwangwanin da ke riƙe caji don taimaka wa moto tashi) ce ta mutu, ko boris (zoben ƙwallayen da sandar moto ke juyawa a ciki) ya cije, ko waya ta saki a akwatin haɗi. Waɗanda kuwa suka ƙone da gaske, akwai abin da ya ƙona su, kuma yana nan inda aka baro shi: wuta mai rauni, bel da aka ɗaure ya wuce kima, ƙurar da ta toshe hanyar iska. Sai a zuba kuɗi a naɗa sabon koyil, a mayar da moto kan matsalar da ta kashe shi, ba a jima ba ya sake tayar da hayaƙi, a ce mai naɗin bai iya aiki ba. Shi ya sa tsarin da za mu bi a nan zai fara daga gwajin da ba ya cin ko sisi, buɗe moto kuwa sai can baya.

Kayan da za ka nema su ne maltimita mai auna ohm da mikrofarad, mita mai baki wadda ake maƙala wa waya don ganin amfiyar da moto ke ja, mega (na'urar gwada lafiyar rufin waya), sukundireba, sifana, gudumar roba, da abin zare boris mai ƙafa uku. Mega tana da tsada, amma ko aro ne a yi.

Da farko, ranka

Kashe wuta daga bireka. In fis ne, cire shi ka jefa a aljihunka, don kada wani yaro ya zo ya mayar kana tsakiyar aiki. Sa mita ka tabbatar babu wuta a bakin wayoyin moto. Sannan ka tuna kafasita tana riƙe caji bayan an kashe wuta, kuma tana iya fizgar mutum. Sauke cajin ta hanyar haɗa bakinta biyu da ƙwan fitila irin na da, mai zare a ciki, na ɗan lokaci. Masu haɗa bakin da sukundireba suna samun tartsatsi, kuma hakan yana rage wa kafasitar kwana.

Goge farantin bayanin da ke jikin moto ka ɗauki hotonsa. A nan za ka ga bolt ɗin da yake so, amfiyar da yake ja in ya ɗauki cikakken kaya, ƙarfinsa, da gudunsa. Ƙarfin doki 1 daidai yake da wat 746. A wutarmu mai 50Hz, moton da aka rubuta wa gudu wajen 1440 a minti mai fol 4 ne, wato kawunan maganaɗisu huɗu, wanda aka rubuta wa wajen 2850 mai fol 2 ne. Duba lambar Hz ɗin da kyau in moton na hannu ne da aka shigo da shi. Wanda aka ƙera don wutar Amurka mai 60Hz zai yi gudu ƙasa da abin da aka rubuta, kuma ya fi saurin ɗaukar zafi a wutarmu.

Sannan ka tambayi mai shi. Yaya ya tsaya? Lokaci ɗaya, ko ya daɗe yana rage ƙarfi? A wutar NEPA yake ko a janareta? An canja fuli ko an ƙara masa kaya kwanan nan? Ruwa ya taɓa shi? Amsoshin nan sukan nuna maka inda za ka fara dubawa.

Hannu, hanci da kunne

Cire bel, ko ka raba moto da abin da yake juyawa. Wannan matakin mutane suna tsallake shi, alhali sau da yawa injin ne ya cije, moton ba ruwansa. Dutse ya shiga faranti a injin markaɗe, ko yashi ya cika famfo.

Juya sandar moton da hannu. Ya kamata ta tafi sumul, ba ƙara, ba tsayawa. In ka ji gurji-gurji, boris ne. Ɗaga sandar sama da ƙasa: in tana motsi har kana jin ƙwas-ƙwas, boris ya ci ko mazauninsa ya buɗe. Kai hancinka kusa da ramukan iska. Warin banish da ya ƙone ba ya ɓuya, wanda ya taɓa jin sa ba zai manta ba. Buɗe akwatin haɗi ka ja kowace waya. Wadda ta saki takan yi baƙi a baki, robarta ta narke, kuma ita kaɗai ta isa ta sa moto ya ƙi tashi.

Moto mai layi ɗaya da ke gurnani ba ya tashi

Wannan ita ce matsalar da aka fi kawowa, don haka bari mu daɗe a kanta. Moto mai layi ɗaya, wato mai aiki da irin wutar gida, ba ya iya tashi da kansa da koyil guda. Yana da koyil biyu, na gudu da na tashi, kuma kafasita ce ke ba na tashin abin da zai fara murza rota, wato ɓangaren ciki mai juyawa da sanda. In wannan ɓangaren ya lalace, sai moto ya tsaya cik yana gurnani. A wannan halin yana jan wuta ninki 5 zuwa 7 na abin da aka rubuta masa, saboda haka kada ka bar shi ya wuce daƙiƙa kaɗan. Da yawa daga cikin koyil ɗin da suka ƙone, a nan suka ƙone, mai shi yana tsaye yana jiran ko zai tashi.

Kafasita iri biyu ce. Ta tashi babba ce a lissafi, takan kai mikrofarad 100 zuwa 400, kuma aikinta na daƙiƙa biyu ko uku ne. Ta gudu ƙarama ce a lissafi, sau da yawa 20 zuwa 50 a irin waɗannan motocin, tana aiki muddin moto na juyawa. Wani moton yana da ɗaya, wani yana da duka biyun. Dubi jikinta: in ta kumbura, ko ta tsage, ko mai na tsatsowa, ta gama. In jikinta lafiya, cire mata wayoyi, sauke caji, ka auna. Ta gudu in ta sauka fiye da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 daga abin da aka rubuta, canja ta. Sayi mai lamba ɗaya da tsohuwar. Bolt ɗinta yana iya fin na tsohuwar, amma kada ya gaza, kuma ta gudu a nemi mai 450. Kada ka yarda da shawarar a sa babba wai don moto ya ƙara ƙarfi. Abin da zai ƙaru shi ne wutar da ke bi ta koyil ɗin tashi, wanda wayarsa siririya ce. Haka nan kada a sa ta tashi a gurbin ta gudu, fashewa za ta yi.

In kafasita lafiya, a moto mai kafasitar tashi saura makunnin da ke cikinsa, wanda gudu ke buɗe shi. Aikinsa ya yanke koyil ɗin tashi (ko kafasitar tashi kaɗai, a moto mai kafasita biyu) idan moto ya kai wajen kashi 75 cikin 100 na gudunsa. A moto mai lafiya, in ka kashe shi yana gab da tsayawa za ka ji ƙas, makunnin ne ya koma. Garin niƙa da ƙura suna shiga su daskare a kansa. In ya maƙale a buɗe, moto ba zai tashi ba. In ya maƙale a rufe, moto zai tashi, amma koyil ɗin tashi zai ci gaba da shan wuta har ya ƙone cikin mintuna, wani lokaci kafasitar ta fashe. Gyaransa sai an buɗe murfin baya: a goge bakin da sanfefa mai laushi, a duba sifirin, a tabbatar abin yana zamewa a kan sanda.

Awon koyil

Sa mita a ohm mafi ƙanƙanta. Haɗa bakin wayoyin mitar biyu ka ga abin da ta nuna, domin za ka cire shi daga kowane awo. Cire kafasita daga layi.

In wayoyi huɗu ne suka fito, galibi U1 da U2 na gudu ne, Z1 da Z2 na tashi. Na tashi yakan fi yawan ohm saboda sirantar wayarsa. In uku ne suka fito, auna su bibbiyu. A ce ka samu 2, da 5, da 7. Biyun da suka ba ka 7 su ne bakin tashi da bakin gudu, ta ukun ita ce uwar da suka haɗu a kanta. Daga uwa zuwa mai 2 koyil ɗin gudu ne, zuwa mai 5 na tashi. Ƙananan biyun dole su haɗu su ba da babban. In mita ba ta nuna komai ba, waya ta tsinke, amma kafin ka yanke hukunci duba ko moton yana da ɗan makunnin zafi a cikinsa ko maɓallin ja a jikinsa, wataƙila shi ne ya buɗe.

Akwai abin da maltimita ba ta gani. In zagaye biyu ko uku na waya suka manne da juna a cikin koyil, ohm ɗin ba zai canja yadda za ka lura ba. Wannan sai an kunna moto ba kaya: zai ja amfiya mai yawa, ya yi zafi nan da nan, sautinsa ya yi nauyi.

Mega

Maltimita tana gwaji ne da ɗan batirinta, don haka tana iya ce maka koyil bai taɓa jiki ba alhali in wuta ta gaske ta shiga zai zuba. Mega tana tura bolt 500, ita ce ke faɗin gaskiyar rufin waya. Cire kafasita, ka raba moto da duk wata na'ura mai lantarki a ciki, musamman akwatin sola ko inbata, don mega tana kashe su. Kankare fenti a jikin moto ka maƙala waya ɗaya, ɗayar a bakin koyil, ka riƙe minti 1. Ƙasa da megaohm 1, kada ka ba shi wuta. Tsakanin 1 da 5, akwai abin dubawa. Moto mai lafiya yakan ba da gommai ko ɗaruruwa. Da ka gama, haɗa koyil da jiki na ɗan lokaci don cajin ya sauka.

Ƙaramin awo ba kullum yake nufin ƙuna ba. Da damina, ko bayan ambaliya, ko in sil ɗin famfo, wato zoben da ke hana ruwa bin sanda, ya fara yoyo, danshi ne ke shiga. Buɗe moton, ka sa shi cikin akwati da ƙwan fitila mai zafi, ko tanda da ba ta wuce digiri 90 ba, kana aunawa lokaci-lokaci. In lambar tana hawa, danshi ne, ci gaba har ta tsaya. In ta kafe a sifili, waya ta taɓa ƙarfe, sai naɗi. Motoci da yawa an farke koyil ɗinsu alhali shanya kawai suke so, kuma wannan asara ce da ke ba ni takaici.

In mai layi uku ne

Ba shi da kafasita ko makunnin ciki, don haka gwajinsa ya fi sauƙi. Cire ƙarafunan haɗi a akwati, ka auna U1 da U2, V1 da V2, W1 da W2. Ukun su zo daidai, bambancin kada ya wuce kashi 5 cikin 100. Sa mega tsakanin kowanne da jiki, da kuma tsakanin junansu.

Lura da yadda za ka mayar da ƙarafunan. Moton da farantinsa ya ce 230/400, haɗin sita ake masa a wutarmu ta layi uku, wato a haɗa U2, V2 da W2 wuri ɗaya. Wanda ya ce 400/690, haɗin delta, wato ƙarshen kowane koyil a haɗe da farkon na gaba. In ka yi wa na farkon delta, ba zai daɗe ba.

Babban makashin irin wannan moto a wajenmu shi ne faɗuwar layi ɗaya. Fis ɗaya ya tsinke a taransifoma, moto ya ci gaba da juyawa a kan layi biyu yana dafuwa, mai niƙa bai sani ba sai ya ji wari. Ko layin bai faɗi ba, rashin daidaiton bolt tsakanin layukan yana cin sa. A ce ka auna ka samu bolt 400, 405 da 380. Matsakaicinsu 395, mafi nisa ya kauce da 15, wato kusan kashi 4 cikin 100. Wannan ya yi yawa, domin ɗan bambanci a bolt yana zama bambanci mai ninki da yawa a amfiya. Na'urar da ke yanke wuta in layi ya faɗi ba ta kai kuɗin naɗi ɗaya ba, a saya a sa.

Buɗewa da canjin boris

Kafin ka kwance ƙusa ko ɗaya, yi alama a murafe biyu da gangar jiki don su koma yadda suke. Cire fuli da abin zarewa. Dukan bakin sanda da guduma yana buɗa shi, ya kuma lalata boris. Zaro rota a hankali kada ta goge koyil. Dube ta a haske: in akwai wurin da ya yi ƙyalli, tana gogar ƙarfen ciki, domin tazarar da ke tsakaninsu a ƙananan motoci ba ta kai milimita 1 ba.

Lambar boris tana gefensa. 6203 raminsa milimita 17 ne, 6204 kuwa 20, 6205 kuma 25. Mai ZZ murfin ƙarfe gare shi, mai 2RS murfin roba, kuma a wurin gari da ƙura na fi son mai roba. Canja duka biyun lokaci ɗaya. Jabun boris ya cika kasuwa, wanda arharsa ta yi yawa ka bar shi. Wajen sawa, nemi guntun bututu da zai zauna a kan zoben ciki kaɗai, ka buga a hankali. In ka bugi zoben waje, ƙarfin zai bi ta ƙwallayen ya yi musu tabo, sabon boris ya fara kuka tun ranar farko. In mazauninsa a murfi ya buɗe har boris yana faɗawa da kansa, kada a tsattsaga wurin da ƙusa wai don ya kama. A kai wa masu injin feƙe ƙarfe su sa masa zobe. Wanda ake sa wa giris kuwa, kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ya isa, cika shi dam yana jawo zafi.

In ya tabbata ya ƙone

Kada ka bari a yanke koyil sai ka karanta ƙunar, don ita ce za ta gaya maka abin da za ka gyara a gida. In ya yi baƙi ko'ina daidai, kaya ya yi masa yawa, ko wuta ta yi rauni, ko iska ba ta ratsa shi. In siririn koyil ɗin tashi ne kaɗai ya ƙone, makunnin ciki ne ko kafasita. A mai layi uku, in wasu rukunoni sun ƙone wasu suna nan da kyansu a jere, layi ne ya faɗi: a haɗin sita kashi biyu cikin uku ke ƙonewa, a delta kashi ɗaya. In wuri ɗaya ne ya fashe sauran lafiya, rufin waya ne ya gaza a nan, ko wani abu ya shiga ya goge shi.

Wajen mai naɗi, ga abin da za ka sa wa ido. Ya rubuta yawan ramuka, yawan zagaye a kowane koyil, ramuka nawa kowanne ya tsallake, kaurin waya da yadda aka haɗa, tun kafin ya farke. A auna nauyin tsohuwar wayar, sabuwar ta zo kusa da ita. Rage kauri ko rage zagaye shi ne hanyar da ake cin riba a ɓoye, kuma moton zai dawo yana zafi. Kankare bakin sabuwar wayar ka gani: in cikinta fari ne, alminiyam ce aka shafa wa launi. Alminiyam tana ɗaukar wajen kashi 61 cikin 100 ne na abin da jan ƙarfe mai kaurinta ke ɗauka, ba za ta zauna a gurbinsa a rami ɗaya ba.

Abin da na fi ƙi shi ne a jefa gangar moto cikin wutar itace ko ta taya don tsohuwar waya ta saki. Ƙarfen ciki ba dunƙule ba ne, siraran faranti ne da aka jera, kowanne da rufinsa. Wuta mai tsanani tana cinye wannan rufin, daga nan ƙarfen da kansa zai riƙa yin zafi ko da an yi naɗi mai kyau, kuma ba shi da gyara. A yanke kan koyil ta gefe ɗaya, a ɗumama daidai yadda banish zai yi laushi, a zare. Sannan sabuwar takarda a kowane rami, a ɗaure kawunan tam, a gwada da mega kafin banish, a tsoma, a gasa. Irin banish ɗin da ake gasawa yana son awoyi a zafin da ya kai digiri 120 zuwa 150, shanya a rana ba ta dafa shi. In kuwa farantan ciki sun narke ko rota ta cinye su, kada ka ɓata kuɗinka, nemi wani moton.

Kunnawa

Fara ba kaya. Maƙala mita mai baki a waya ɗaya, ka saurara. Mai layi uku yakan ja kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin abin da ke farantinsa, layukan uku kusan daidai. Ƙaramin mai layi ɗaya yakan ja fiye da haka, kada ya tsorata ka. In juyin ya koma baya, a mai layi uku sauya kowane layi biyu, a mai layi ɗaya sauya bakin koyil ɗin tashi.

Sa bel, ka miƙa zare a gefen fuli biyu ka ga sun yi layi ɗaya. Danna tsakiyar bel da yatsa: in tazarar fuli biyu mita 1 ce, ya lotsa wajen milimita 16. Yanzu ba shi kaya ka sake aunawa. Amfiya kada ta wuce ta faranti. Auna bolt a bakin moton yana cikin aiki, ba a mita ta gida ba. In ya sauka ƙasa da 207 a layi ɗaya, wato ya gaza 230 da fiye da kashi 10 cikin 100, moton zai riƙa jan amfiya mai yawa don ya cike giɓin. Wani lokaci laifin ba na masu wuta ba ne, siririyar waya ce aka ja mai nisa daga gida zuwa rumfa, sai a canja ta da mai kauri. Sa na'urar yanke wuta in kaya ya yi yawa, ka saita ta daidai amfiyar faranti. Fis kaɗai ba ya wannan aikin, balle wanda aka ɗaure da wayar ƙarfe. Haɗa wayar ƙasa a jikin moto, musamman na ruwa da na markaɗe inda ake aiki da jiƙaƙƙen hannu.

Tafin hannu ba ma'aunin zafi ba ne. Moto mai rufi ajin F an yi koyil ɗinsa ya jure har digiri 155, ajin B kuwa 130, don haka jikinsa yana iya fin ƙarfin hannunka alhali lafiya yake. Amma ƙa'idar da masu aikin suka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 a kan ƙima yana raba kwanan rufin waya biyu. A watannin bazara, inda rumfar kwano ke zama tanda, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yi masa inuwa, ka bar tazara tsakanin murfin fanka da bango.

Kulawa

Kowane mako a share tsagogin jikinsa da buroshi, a buɗe ragar fanka, da hunturu kuwa fiye da haka. Duba ramukan iska, zanzaro yana son gina ɗakinsa a ciki, ɓera kuma yana cin waya a moton da aka ajiye. Fankar da fiffikenta ya karye a canja ta ranar, kada a ce sai an samu sarari. A rage yawan kashewa da kunnawa a jere, kowane tashi zafi ne. In da janareta ake aiki, ya ninka ƙarfin moton sau 2 zuwa 3, a bar shi ya daidaita kafin a kunna moto, a kuma kashe moto kafin a kashe janaretan. Famfo kada ya yi gudu ba ruwa, sil ɗinsa zai ƙone ruwa ya bi sanda ya shiga koyil.

Ajiye ɗan littafi kusa da moton. Duk wata uku ka rubuta kwanan wata, bolt, amfiya da awon mega, kana yin awon a yanayi iri ɗaya, misali da safe kafin a kunna. In ka ga mega ta ba da megaohm 200, bayan wata uku 50, bayan wasu ukun 10, sauke moton a wanke, a busar, a sake masa banish tun bai kai ga naɗi ba.